Sawu a Bayan Talabijin

Kafin rana ta yi zafi, Bodinga duk ta ji: an shiga falon Alhaji Attahiru mai albasa, an ɗauke injin faifan nan da ya zo da shi daga Jidda.

Ba wanda bai san injin ba. A shekarar da shinkafa ta zama sai mai hanya, sabulu ya ɓuya daga kantuna, rediyo kullum sai kiran a tsuke bakin aljihu, shi Alhaji ya dawo aikin hajji da wani akwati mai cin faya-fayai masu walƙiya kamar murfin kwanon silba. A zura faifai, sai ga 'yan kokawar Amirka a talabijin, jajaye da su, suna dakan juna. Duk yammaci ƙofar falon cike take da takalma.

Yau ma cike take, amma ba kallo aka zo yi ba.

Ɗantani mai bin sawu ya iso da sandarsa. Tsoho ne siriri, wanda ya tsufa yana bin shanun sata daga fadamun Dingyaɗi har bakin iyaka. Ya tsaya ya dubi tsakar gidan, ya ga yadda jama'a suka tattake ƙasa, ya yi tsaki.

"Kun kira ni in bi sawu, ko kun kira ni in ƙirga mutanen Bodinga?"

"Ba sai ka wahala ba, Baba Ɗantani," in ji wani ƙaton mutum mai murya, yana ture mutane. Ɗanbaba ne, dillalin Alhaji, wanda ko masallaci za shi basillar ɗinkin buhu tana soke a gefen hularsa. "Ɓarawo na hannu. Maniru mai gyaran rediyo ne. Ga sukundirebanai, ni da kaina na tsince shi ƙarƙashin kujera. Shina zauren mai gari yanzu haka."

Ɗantani ya karɓi sukundireban, ya juya shi, ya hure wata yanar gizo da ta maƙale a bakinsa. Ya shiga falon.

Talabijin tana nan bisa tebur, da ƙyallenta a kai. Kusa da ita wuri ne fes mai kusurwa huɗu inda injin yake zama. A ƙasa kuma akwai wani ƙaramin wuri irinsa.

"Mi ke zama nan?"

"Taransifoma," in ji Isa direban Alhaji. "Ita ke rage ma injin ƙarfin wuta. Ita ma sun tahi da ita, har da faya-fayan duka."

Ba a fasa ƙofa ba. Tagar baya aka buɗe, wani ya zare sakatarta tun daga ciki. Ɗantani ya zagaya. Nan jama'a ba su taka ba. Ga sawun takalmin roba, shigowa da sauƙi, fita da nauyi. Ya bi shi ta bayan rumbunan albasa har inda aka jingine babur, daga nan sawun taya ya hau kwalta ya mutu. Ya daɗe tsaye a bakin titin yana duban Sakkwato, yana duban Shagari. Kwalta ba ta riƙe amanar kowa.

Da ya dawo Alhaji Attahiru na tsaye a ƙofa, carbi na ta gudu a hannunsa.

"Ɗantani, mai gari ya roƙe ni, na ba ka yau da gobe. In ba inji, yaron nan Sakkwato za shi. Can za su tambaye shi da harshen da yake ji."

"Allah shi ba ka nasara, in kuma ba shi ba ne?"

"To kawo min wanda shi ne."

A bakin zaure wata tsohuwa ta riƙe masa hannun riga. Hajjo ce, uwar Maniru. Ba ta yi kuka ba.

"Ɗantani, tare da uban yaron nan kunka yi kiwo. Ka san lokacin ga. Wanda anka kai Sakkwato ana tsakar siyasa, ba mai tuna shi sai an gama zaɓe. Shi kaɗai gare ni."

"Saki rigar, Hajjo. Rana na tafiya."

*

Maniru na zaune a kusurwar zauren mai gari, leɓensa a kumbure, dogari na gyangyaɗi a bakin ƙofa.

"Sukundirebanka ne?"

"Nawa ne, Baba. Tun ranar da na haɗa injin ya ɓace min."

"Na ga gizo-gizo ya riga ka gado. Bar wannan. Gaya min, in kai ne ɓarawon, mi za ka ɗauka?"

Maniru ya ɗago kai. Ya yi wata 'yar dariya wadda ta taɓa masa ciwon.

"Da ni ne, wallahi ba ni barin talabijin. Injin ga in ba ita, ƙarfe ne kawai."

"Talabijin ta ƙare a duniya?"

"Irin wagga ba ta yi yawa ba. Baba, hoto ma yare gare shi. Gidan talabijin na Sakkwato da irin nasu suke aikowa, shi akwatunanmu ke ji. Nijar da ke nan kusa, nasu na Faransa ne, in ka kamo su sai ka gan su ba kala. To injin Alhaji da faya-fayansa, ko da yake Jidda anka saye su, yaren Amirka suke yi, kuma hotonsu ya fi namu sauri. Ka haɗa shi da talabijin irin tamu, sai hoton ya riƙa hawa sama shina faɗowa awa guga cikin rijiya. Ba kala, ba magana, sai shuuu."

"Kuma ta Alhaji?"

"Ita duk tana ji. Da anka zo da injin, ran farko falo cike, na hana a kunna. Na ce wutarmu ta fi ƙarfinai, sai an samo taransifoma, in ba haka ba ya ƙone. Kowa ya ji wannan. Da na samo ta munka gwada da tsohuwar talabijin ɗin Alhaji, sai ga guga. Alhaji ya ce an cuce shi a Jidda. Na ce ba cuta ba ce, ba kuma gyaran sukundireba ba ne, sai an sayo akwati mai jin yare duka. Ni da Isa munka tahi Sakkwato munka samo wagga wurin wani mai kawo kayan Makka."

"Ran gwajin, falon cike yake?"

"A'a. Makon lodin albasa ne, gida duk an watse."

Ɗantani ya riƙa zana ƙasa da sanda. Wanda ya ɗauki taransifoma ya ji karatun farko. Wanda ya bar talabijin bai ji na biyu ba.

"Ka san mi anka yi, Maniru? An saci saniya an bar maraƙinta. Mai ita zai yi ta tatsa, ba za ta sako mai nono ba."

"To sai mi, Baba? Ni dai gobe ce tawa."

Ɗantani ya tashi.

*

Abu mai gadi ya same shi a bayan rumbu, yana waige-waige.

"Ni ban ce komai ba hwa. Amma da asuba, kafin a gano satar, Isa ya hita da mota. Wani abu na bayanta, an rufe da bargo. Hanyar Sifawa yab bi."

"Kai kuma ina kake lokacin da anka buɗe taga?"

"Ina gadin albasa, Baba. Ita anka ce in tsare. Ba a ce min talabijin ba."

Ɗantani ya hau motar kasuwa zuwa Sifawa, ya sauka inda kwalta ta rabu da turɓaya. Nan ƙasa ta yi magana. Tayar baya ta hagu tana da faci, ya lura da ita tun a gidan Alhaji. Ya bi ta cikin rana, lungu bayan lungu, gumi na jiƙa masa riga, har ƙofar wani gida mai dangar kara. Ga inda aka sauke kaya, ga inda aka ja shi. Ya durƙusa. Ƙwayoyi farare ne warwatse a ƙasa, kaji na tsinta.

Shinkafa.

Da yamma ya tsare Isa a gindin darbejiya yana wanke mota.

"Gidan wa ka kai shinkafa Sifawa?"

Tsumman ya faɗi daga hannun Isa. "Baba, ka rufa min asiri Allah shi rufa ma. Hajiya Safinatu, matar Alhaji, ita ce ta aike ni gidansu. Alhaji bai sani ba. In ya ji an taɓa mai shinkafa a wannan marra, ni da ita duk mun bar gidan."

"Ban ga shinkafa ba. Amsa min wanga: in an haɗa injin da wata talabijin, mi ke faruwa?"

"Guga," in ji Isa nan take. "Ai da idona na gani. Ni na ɗauko sabuwar daga Sakkwato, bayana har yau bai daina ciwo ba."

Ɗantani ya juya ya tafi. Yini guda ya ƙone a kan shinkafar surukai. Ya wuce ta gaban zauren mai gari, ya hangi Hajjo zaune a waje da kwanon tuwo a cinya, an hana ta shiga. Ya sauya hanya don kada ta gan shi.

*

Washegari ya rasa inda zai sa ƙafa. Ya koma bakin titi, ya dawo. Ya sake duba tagar, ba sabon abu. Can ya tuna abin da yakan gaya wa makiyaya: in sawu ya ɓace maka, je ka zauna mashaya, dabba ba ta haƙura da ruwa. Mashayar mai injin da ya ƙi aiki kuwa ɗaya ce a duk yankin.

Shagon Maniru a kulle yake. Hajjo na zaune a kan bencin ƙofa, kamar mai gadin sunan ɗanta. Ɗantani ya zauna a ɗaya gefen.

"Ka samo?"

"Tukuna."

"To mi kake yi nan?"

"Jira."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta kau da kai. Wani ya kawo rediyo, ya ji labari, ya koma da abinsa. Wani ya zo da tocila. Hantsi ya wuce. Ɗantani ya tashi, ya zauna, ya sake tashi.

Sai ga wani babur ya tsaya, talabijin ɗaure a bayansa cikin bargo. Mai shi ya cire tabarau yana share gumi. Malam Ɗahiru ne, malamin firamare a Shagari.

"Ina Maniru? Akwatin nan ta haukace min. Jiya na dawo makaranta na kunna, mai karanta labarai sai hawa sama yake shina faɗowa. Kaina har juyawa yake."

Ɗantani ya riga ya miƙe. "Awa guga?"

"Wallahi awa guga! Kuma ba tawa kaɗai ba. Ta ofishin jam'iyya ma haka ta tashi da shi jiya da yamma. Mutane har sun fara cewa 'yan adawa ne sunka yi ma garin asiri."

"Sauke ta, Malam. Juya min bayanta."

Ƙura ce kwance a bayan akwatin, ta shekara da shekaru. Amma a jerin wasu 'yan ƙananan kafofi an share ta da yatsa, kuma bakin kowace kafa yana da ƙarzuwa sabuwa, siririya, ta abu mai tsini. A jikin ƙusar da ake ɗaura wayar eriya wani zare ya maƙale. Ɗantani ya zare shi, ya murza, ya shinshina. Zaren buhu.

"Wa ke gida jiya da rana?"

"Iyalina kaɗai, Atika. Ta ce ba wanda ya shigo."

Suka ɗauki akwatin har zauren mai gari. Maniru na ganin bayanta ya manta da leɓensa.

"Baba, wagga kafar ita ce ta tsayar da hoto. Ba mai taɓa ta haka kawai. Wani ya haɗa mata injin, hoto ya yi ta gudu, ya bi kafofin ɗaya bayan ɗaya shina soka, har ya dace da ita. Ya murɗa, hoton Amirka ya tsaya mai. Amma ba kala, ba magana, don wannan ba a murɗa shi. Da ya cire injin ya tahi, ya bar ta a kan saurin Amirka. Shi ya sa yanzu namu ke gudu."

"Da mi yas soka?"

"Ba sukundireba ba ne. Ya fi shi tsini."

"Nuna min yadda ake murɗawa," in ji Ɗantani. "A hankali. Hannuna na sanda ne."

*

A bayan babur ɗin Malam Ɗahiru ya isa Shagari, azahar ta gota. Ofishin jam'iyya ɗaki ne guda, bango duk fastoci, samari na gardama a kan wanda za a ba shugabancinsu. Da ya tambayi wanda ya taɓa talabijin, suka yi masa caa. Makulli ƙarƙashin dutse yake kwana, kowa ya sani, kowa na shiga.

Ya juya akwatin. Ƙura a ko'ina, ba a taɓa ba, sai kafa ɗaya tak. Ƙarzuwa ɗaya, kai tsaye.

"Ya koya," in ji Ɗantani a ransa.

A gidan Malam, Atika ta amsa gaisuwarsa daga bayan labule. Ba ta ga kowa ba. Barci ta yi. Ba ta san komai ba. Ɗantani bai matsa mata ba, idonsa na kan wani kwandon albasa a gindin randa, manya, jajaye, zaɓaɓɓu irin waɗanda ake ware wa 'yan Kurmi, can Kudu. Malamin makaranta ba ya sayen irinsu a wannan shekara.

A waje ya tambayi mijin, "Malam, iyalinka ɗiyar wane gida ce?"

Malam Ɗahiru ya faɗa masa. Yana rufe baki sai fuskarsa ta sauya.

"Kai ni Bodinga," in ji Ɗantani. "Kuma kai ma kana da zama falon Alhaji yau."

*

Yana da zare, yana da albasa, yana da ƙarzuwa. Ya san ba ko ɗaya da zai tsaya gaban mai baki. Rabin mazan Bodinga da zaren buhu suke kwana. Don haka kafin magariba ya ce a ba shi falon shi kaɗai, zai sake duba ƙasa. Bai daɗe ba ya fito yana share hannu a riga.

Bayan sallah aka taru. Alhaji a kujerarsa, mai gari a gefensa. Isa da Abu a ƙasa. Ɗanbaba kusa da ƙafar ubangidansa. Malam Ɗahiru can baya, cikin masu leƙe. Dogari ya shigo da Maniru. Hajjo ta tsaya a bakin ƙofa, ba wanda ya iya ce mata ta koma.

"To, Ɗantani," in ji Alhaji, "ina injina?"

"Allah shi ba ka nasara, a bari a ji labarai tukuna. Na ji ana raɗe-raɗin sanarwa kan kayan da za a hana fita da su."

Ya san inda ya taɓa. Alhaji na da motoci biyu cike da albasa suna jiran hanya. Ya daka tsawa a tada janareto. Isa ya kunna talabijin.

Mai karanta labarai ya fito, ya haye sama, ya ɓullo daga ƙasa, ya sake hayewa. Kansa na bin ƙafarsa.

"Innalillahi! Ita ma?" Alhaji ya miƙe tsaye. "Wane la'ananne ne ya taɓa ta?"

"A bar ni in..." in ji Maniru.

"Kai, zauna! Ba ka ƙara taɓa min kaya!"

Abu ya matsa ya ɗaɗa mata duka a ka, kamar yadda kowa ke yi. Ba ta ji ba. Isa ya fita da gudu ya hau juya sandar eriya yana ihu, "Ta tsaya? Yanzu hwa?" Wani ya ce a kashe a kunna. Mai labarai na ta birgima, ya fara cewa wani abu a kan iyaka, hayaniya ta danne shi. Alhaji na buga ƙafa.

"Duk gidan ga ba mai amfani ko ɗaya? Ina ciyar da ku a banza?"

Wannan maganar Ɗanbaba bai taɓa iya jure ta ba. Tun yana saurayi, in Alhaji ya ce wa zai yi, shi ke fara tashi.

"Ku kauce! Ranka shi daɗe, ƙaramin aiki ne."

Ya zare basilla daga hularsa, ya zura hannu bayan akwatin, ko leƙawa bai yi ba. Murɗa ɗaya. Mai labarai ya tsaya cak, da jar hularsa da koren allon bayansa.

"Ɗanbaba ke nan!" in ji Alhaji. "Kun gani?"

"Mun gani," in ji Ɗantani. Ya miƙa sanda ya kashe talabijin. "Ɗanbaba, ina ka koyi gyara?"

Basillar na hannunsa har yanzu. Ya dube ta, ya dubi tsohon.

"Ai... wurin Maniru na gani."

"Maniru, ka taɓa soka wagga kafar a gidan nan?"

"Ban taɓa ba. Ba ta taɓa buƙata ba."

"Ni na murɗa ta ɗazu," in ji Ɗantani, "kuma sai da anka nuna min sau da yawa. Abu ya doke ta. Isa ya juya eriya. Haka mutane ke yi. Mutum ɗaya ne ya san akwai kafa a baya, don jiya ya soki duk na akwatin Malam Ɗahiru kafin ya same ta, ya je ofishin jam'iyya ya soke ta kai tsaye. Alhaji, ranar da anka gwada injin ya ƙi, anka gane sai an sauya talabijin, ina Ɗanbaba yake?"

Carbin Alhaji ya tsaya. "Kurmi. Shi ya raka lodi."

"Da ya dawo ya tarar komai na aiki. Ya san taransifoma, bai san maraƙi ba. Malam, matso. Atika ƙanwar wa ce?"

Malam Ɗahiru ya fito daga cikin jama'a, ya tsaya gaban surukinsa. "Yaya Ɗanbaba, a gidana? Ka sa ta yi min ƙarya a kan kwandon albasa?"

Ɗanbaba ya zube gaban Alhaji. Muryar nan da ke cika kasuwa ta koma kamar ta ɗan akuya.

"Aro na yi, ranka shi daɗe, wallahi aro. Samarin Shagari na yi ma alkawarin kokawa kyauta in sun tsayar da ni shugabansu. Kwana biyu in maido."

"Aro?" Hajjo ce daga bakin ƙofa. "Leɓen ɗana ma aronai kay yi?"

Ba wanda ya ce mata ta yi shiru.

"Ina injin?" in ji mai gari.

Ɗanbaba ya sunkuyar da kai. "Da ya ƙi magana a gida biyu, ya ƙi kala, na ɗauka Alhaji ya kafe shi ne don kada ya yi aiki wajen gidan nan. Shina wurin wani boka bayan Lambara. Ya ce zai karya kafin."

Maniru ya dafe kai da hannu biyu. "Da mi?"

"Hayaƙi."

*

Isa ya ɗauko kayan da safe. Boka ya yi aikinsa da gaske. Ya jera faya-fayan bisa garwashi ya turara su, duk sun lanƙwashe kamar ɓawon kabewa, sai guda ɗaya da ya manta a cikin kwali. Injin kuwa ya sha laya har a wayarsa. Ɗanbaba ya kwana inda Maniru ya kwana, a kusurwar nan ta zauren mai gari.

Alhaji ya aika a kira Maniru ya zo ya duba. Ɗan aiken ya dawo da amsar Hajjo: shago na nan inda yake.

Ranar kasuwa ce. Mutane suka ga abin da ba su taɓa gani ba, Alhaji Attahiru a ƙasa yana ratsa 'yan tumatir, Isa na bayansa rungume da inji. Kafin ya kai shagon, rabin kasuwa na biye da shi. Ɗantani na zaune a bencin, yana ɓare goro.

"Maniru," in ji Alhaji a hankali, "abin da ya wuce ya wuce."

"Ban ji ba," in ji Hajjo. "Shekaranjiya da kac ce ɓarawo, har Dingyaɗi an ji. Faɗi wannan ma da waccan muryar."

Alhaji ya dubi mai bin sawu kamar mai neman ceto. Ɗantani ya ci gaba da goronsa. Alhaji ya juya ga jama'a, ya gyara murya.

"Jama'a, ku shaida! Maniru bai ɗaukar min komai ba. Ni na zalunce shi!"

Kasuwa ta ɗauki guɗa da sowa. Hajjo ta zauna, sai a lokacin ta ja gefen zane ta share ido.

Maniru ya karɓi injin, ya tsinke layun, ya jijjiga shi, toka ta zubo. Ya ajiye shi a ƙasa, can gefe. A kan teburinsa akwatin Malam Ɗahiru ce, bayanta a buɗe.

"Zai gyaru?" in ji Alhaji.

"Sai na buɗe na gani, Alhaji." Ya ɗauki jan sukundirebansa, ya nuna bencin da shi. "Amma Malam ya riga ka zuwa."

Ɗantani ya matsa ya ba shi wuri. Alhaji Attahiru ya tattara babbar rigarsa, ya zauna tsakanin tsohon da wani mai tocila, ya jira.